WA YA CINYE DAJI?

Jawabi ga manoma da 'yan kasuwa a kan binciken da malaman jami'a suka yi game da itatuwan gona

Na san waɗansunku sun bar rumfa a hannun yara, waɗansu sun ɗaure jaki a rana, sabo da haka ba zan tsare ku da dogon surutu ba. Magana guda ce ta kawo ni, ita ce maganar itace.

Kada wani ya ce wannan ba ta shafe shi ba. Mai sayar da itacen wuta da mai gawayi, daga itace su ke ci. Mai daddawa daga ɗorawa ta ke ci, mai man kaɗe daga kaɗanya, mai garin kuka da mai tsamiya haka. Mai tabarma da mai faifai ba su da jari sai kaba. Masassaƙi ba ya yin turmi da iska. Ko mahauci ma, ragon da ya yanka da bazara ku tambaye shi abin da ya ci ya yi ƙiba, za ku ji an ambaci 'ya'yan gawo. Ashe kuwa rabin kasuwan nan a ƙarƙashin itace ya ke zaune.

To, tun muna yara mu ke jin zargi guda. A kan ce talaka ne ya cinye daji. Shi ne mai gatari, shi ne mai akuya, shi ne mai yawan 'ya'ya, shi ya kira hamada ta zo. An faɗa a ofis, an faɗa a rediyo, an koya wa 'ya'yanmu a makaranta, har mu kanmu muka sunkuyar da kai muka yarda. Abin da na zo in gaya muku yau shi ne, akwai malaman jami'a da suka ce kafin a yanke hukunci bari a je a ƙirga. Sun je, sun ƙirga, sun rubuta. Abin da suka gano ya kamata ko wane talaka ya san shi, domin shaida ce a kan shari'ar da aka daɗe ana yi masa ba ya nan.

ASALIN ZARGIN

A shekarar 1934 wani shaihun malami mai ilmin daji daga Jami'ar Edinbara ta ƙasar Birtaniya, sunansa Stebbing, ya ratsa ƙasashen nan namu da rani. Ya ga gonaki fayau, ya ga rairayi na tashi, ya ga ana sassabe ana ƙone-ƙone. Da ya koma gida sai ya rubuta a 1935 cewa Sahara na tafiya kudu, kuma noma da kiwon mutanen ƙasa ne ke buɗe mata hanya. Maganarsa ta tayar da hankalin masu mulki, har Ingila da Faransa suka haɗa ma'aikatan dajinsu suka bi iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 da 1937 don su gani da idonsu. Da suka dawo suka ce su ba su ga hamada na tafiya ba. Sun dai ga wuraren da ƙasa ta gaji, amma tudun rairayin da aka ce yana cinye garuruwa, sun tarar ciyawa da itatuwa sun daɗe da danne shi.

Bayan shekara hamsin da 'yan kai, a 1991, masana a Amurka suka duba hotunan da tauraron ɗan Adam ya ɗauka shekara bayan shekara tun daga 1980. Suka ga gefen hamada ba ya tsayawa wuri ɗaya. In an yi fari kamar na 1984 ya matso kudu, in ruwa ya dawo ya koma arewa. Watau malamin nan ya ga ƙasar ne da rani kaɗai, ya yi mata hukunci da fuskar da ta ke yi sa'ad da ta ke barci.

Amma kun san halin zargi, ya fi wankewa saurin tafiya. Rahoton ya shiga akwati, zargin ya shiga doka. Aka yanka gandun daji, aka jera itatuwan da ba a taɓawa sai da takarda, ko da kuwa a tsakiyar gonar mutum su ke. Ni da kaina na ga abin da wannan ya haifar. Ina yaro, wata bazara abincin dabbobi ya ƙare, mahaifina ya hau gawon gonarsa ya datso wa awaki rassa. Kwana biyu sai ga ma'aikacin daji, aka ci shi tara, sai da aka sayar da akuya guda aka biya. Da damina ta faɗi muna noma, na ga ɗan gawo ya tsiro, na kewaye shi da fartanya. Tsohon ya zo ya sa tasa fartanya ya tumɓuke shi, ya ce, "Ɗana, ba na renon abin da zai jawo mini sammaci." Ku riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

ABIN DA AKA ƘIRGA A KANO

Bayan farin 1973 da na 1984 zargin ya ƙara ƙarfi. Manyan masu lissafi na ƙasashen waje suka ce mutane na ƙaruwa, ko wane gida na hura wuta, sabo da haka ba da daɗewa ba birni kamar Kano zai lashe duk itacen da ke kewaye da shi.

A lokacin akwai wani malamin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tun daga 1962, sa'an nan ya koma Jami'ar Bayero ta Kano a 1979 ya zauna har 1986. Shi wannan malami bai tsaya a ofis ba. Ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano, inda mutane suka fi cunkushewa, inda ba a barin gona ta huta ko shekara guda, nan ya mai da makarantarsa. Tun a shekarun 1960 ya lura da jakunan da ke shiga birni da itace, su fito da taki da toka a mangala zuwa gona. Ya ga ana ba tumaki da awaki harawar wake da ta gyaɗa, takinsu kuma ya koma gonar da harawar ta fito. Ya ce mutanen da ke irin wannan tattali, da wuya a ce ba su san darajar itace ba.

Shi da abokan aikinsa na Jami'ar Bayero suka ɗauko hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a 1972 da 1981, suka ƙirga itatuwan da ke cikin gonaki ɗaya bayan ɗaya. Sa'an nan suka shiga gonakin da ƙafa suka auna kaurin itatuwa, suka tsaya a hanyoyin shiga birni suna lissafin kayan itace, suka tambayi masu sayarwa daga ina su ke sarowa. Sakamakon ya fito a littafi a 1990. Me suka gano? Itatuwan gonakin da ke kusa da Kano ba su ragu ba, duk da fari, duk da yawan jama'a. A waɗansu wuraren ma ƙaruwa suka yi. Itacen wutar da birni ke ci kuwa, mafi yawansa a mota a ke kawo shi daga dazuzzuka masu nisa.

Dalili a fili ya ke. Manomin Kano ya ɗauki itacen gonarsa dukiyarsa ce. Ya gaje shi, zai bar wa 'ya'yansa. Ya kan datse reshe ya bar uwa. In ya ga tsiro mai amfani ya kan kewaye shi da ƙaya. Ba ya kayar da babban itace sai ya tsufa ya daina 'ya'ya, ko kuwa wata babbar lalura ta taso, kamar yadda mutum ba ya sayar da saniyar tatsa don cefanen yini guda. Malam Mortimore ya rasu a 2017. A 2018 waɗansu malamai biyu, Muhammad Usman da Janet Nichol, suka sake irin wannan ƙidaya a ƙasar Kano da hotunan zamani, suka gwada da na shekarun 1960. Suka tarar itatuwan gona sun ƙaru ƙwarai, har wajen ninki biyu.

ABIN DA AKA ƘIRGA A MARAƊI DA DAMAGARAM

Wani zai ce wannan Kano ce, ƙasa mai albarkar ruwa da taki. To, mu ƙetara iyaka zuwa wajen 'yan'uwanmu na Nijar, inda ruwan sama bai kai namu ba, inda kuma a da dokar daji ta yi tsanani. Can tun zamanin Faransa, har bayan samun mulkin kai, itace na gwamnati ne. An kuma yi ta koya wa manomi cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share tas, ba kututture ba toho. Ga tsoron tara, ga koyarwar malaman gona, ga fari. Kafin 1984 gonaki da yawa na ƙasar Maraɗi sun zama fili, iska na binne shuka da rairayi, sai mutum ya yi shuka sau biyu ko sau uku kafin ta kama. An kashe kuɗi masu yawa a kan dashe, mafi yawan abin da aka dasa ya mutu.

A 1983 wani malamin gona mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya tsaya a hanya don ya rage iskar tayar motarsa sabo da rairayi. Sai ya dubi wani ɗan kurmi a gefen hanya, irin wanda mu ke sarewa ko wace shekara da sassabe. Ya ga ashe toho ne daga kututturen itacen da aka sare tun da daɗewa, saiwarsa na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Watau dajin bai mutu ba, aske shi a ke yi ko wace shekara.

Daga nan aka shiga yaɗa abin da mutanen can su ke kira sassaben zamani. Ga yadda ya ke, don mai so ya gwada bana. In ka zo sassabe ka tarar da kututturen sabara, ko kalgo, ko gawo, ko magarya, ko aduwa ya yi toho, kada ka share duka. Zaɓi sanda biyu zuwa biyar waɗanda suka fi ƙarfi da miƙewa, ka sare sauran. Waɗanda ka bari ka sassaƙe musu ƙananan rassa daga ƙasa zuwa rabin tsawonsu, da wuƙa ko gatari mai kaifi, kana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Ka ɗaura musu tsumma don a san da mai su. Tun da saiwar tsohuwa ce, ta riga ta kai ga laima, girmansu ya fi na dashe sauri nesa ba kusa ba. Ba sayen iri, ba ban ruwa.

Da farko an yi wa masu yi dariya, an ce ƙazaman manoma ne. A yunwar 1984 an ba mutane abinci don su bar toho, da abincin ya ƙare da yawa suka sare nasu. Amma waɗanda suka bari suka fara samun itacen girki a gonarsu, da abincin dabbobi, da na sayarwa, maƙwabta kuwa na kallo. Gani ya kori ji. A ƙasar Damagaram ma, wajen Magarya da Matamai da Mirya, manoma suka farfaɗo da renon gawo irin na kakanninsu ba tare da wani ya zo ya koya musu ba. A waɗannan shekaru hannun ma'aikatan daji ya yi sauƙi a ƙauyuka, daga baya kuma aka sake dokar daji a 2004. Mutum ya fara sakankancewa cewa abin da ya rena shi zai mora.

Abin mamaki, shekara wajen ashirin wannan aiki na tafiya, manyan ofisoshi ba su san girmansa ba. Sai da malamai suka je suka ƙirga: Mahamane Larwanou da abokansa na Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, da Chris Reij na wata jami'a a Amsadam ta ƙasar Holan, da Gray Tappan mai karanta hotunan sama daga Amurka. Suka gwada hotunan 1975 da na bayan shekara 30. Ƙiyasin da suka fitar a 2009 shi ne, manoma sun rayar da itatuwa a fili mai faɗin hekta miliyan 5, watau sama da eka miliyan 12, itatuwa kimanin miliyan 200. Suka ƙiyasta kuma cewa hatsin da a ke samu ya ƙaru da wajen tan 500,000 a shekara, watau buhu miliyan 5 mai kilo 100. Wannan na ƙarshe ƙiyasi ne, ba a auna shi da mudu ba. Amma itatuwan suna nan tsaye, mai shakka ya hau mota ya je ya gani.

Yaya itace zai ƙara hatsi? Ku dubi gawo. Shi kaɗai ne ke zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani. Sabo da haka ba ya tare wa gero rana, ganyensa kuma ya zama taki daidai lokacin shuka. Dangin wake ne, saiwarsa na tara wa ƙasa irin sinadarin da mu ke saye da tsada a buhun takin zamani. Da rani dabbobi su kan taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, su bar taki a wurin. Tun a 1965 masu bincike a tashar Bambey ta ƙasar Senegal suka auna, suka ga geron gindin gawo ya fi na fili nesa. Kakanninmu ba su da ma'auni, amma sun riga su sani.

Yanzu ku tuna da maganar mahaifina. Mutum guda ne, fartanya guda ce. In itacen nasa ne ya kewaye shi, in na hukuma ne ya tumɓuke shi. Abin da binciken Kano da na Nijar suka taru a kai ke nan.

INDA GASKIYA TA KE DA ƊACI

Amma fa kada ku tashi daga nan kuna cewa malamai sun ce kome lafiya. Ba su ce ba, ni ma ban ce ba. Itacen gona ne ya tsira. Dajin da ba shi da mai shi, wanda a ke cewa na kowa ne ko na gwamnati, shi kam yana ƙarewa. Can motocin itace da na gawayi su ke lodi. Can aka yi wa madobiya ɗibar karan mahaukaciya a Taraba da maƙwabtanta ana kai wa ƙasar Sin, har a 2018 hukumar duniya mai lura da cinikin irin waɗannan itatuwa ta dakatar da sayenta daga Nijeriya. Wanda ya yi wannan ba mai jaki ba ne. Mai zarton inji ne, da mai babbar mota, da mai sa hannu a takarda.

Abu na biyu, masu ƙidayar Kano sun lura cewa yawan ya ƙaru amma iri ya ragu. Darbejiya ce ke yaɗuwa, itatuwanmu na gado kuwa suna tsufa ba matasa a bayansu. Iyayenmu mata masu daddawa, ku kun fi kowa sanin wannan, kun san inda kalwa ta ke fitowa yanzu da abin da ta ke kai wa a mudu. Ku tambayi kanku yaushe rabonku da ganin 'yar ɗorawa ko 'yar kuka da ba ta wuce tsawon mutum ba. Wannan laifin ba za mu ɗora wa kowa ba, namu ne mu gyara.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Manomi, bana in ka fita sassabe ka bar toho, ko da guda goma ne a gona. Ka ajiye 'ya'yan ɗorawa da na tsamiya da na kuka ka shuka a bakin iyaka, ka kewaye su da ƙaya. Ku zauna da makiyayan da ke ratsa ƙasarku ku yi yarjejeniya a kan datsar rassa, domin toho ba ya girma inda ba a jituwa.

Ɗan kasuwa, ka riƙa tambayar inda kayanka ya fito. Mai gawayin da ya ƙone ɗanyar kaɗanya ya ci ribar wata guda, ya kashe wa mai man kaɗe ribar shekara hamsin, alhali rumfarsu na kallon juna. Shugabannin 'yan itace da na masu gawayi suna da ikon hana wannan tsakaninsu tun kafin wata hukuma ta zo.

Hukuma kuwa, abin da za mu nema gare ta bai da yawa. A rubuta a fili, da Hausa, cewa itacen da mutum ya rena a gonarsa nasa ne, ya datsa, ya sayar, ya bar wa magada. Ma'aikacin daji ya zo da wuƙar koya sassaƙa maimakon littafin tara. Tsananin doka kuma a kai shi inda manyan motoci su ke. Kuma duk sa'ad da aka zo da shirin dashe, kamar babbar katangar itatuwan nan da ƙasashen Afirka suka amince da ita a 2007, ku yi tambaya guda: cikin waɗanda aka dasa bara, nawa ke da rai bana? Dashe ba laifi ba ne, amma a ƙirga masu rai, kada a ƙirga ramuka.

Su ma malaman jami'a muna da magana da su. Mun gode, sun wanke mu da lissafi. Amma a gonakinmu suka yi awo, mu muka ba su ruwa suka sha, muka amsa tambayoyinsu, sa'an nan aka rubuta sakamakon da Turanci da Faransanci aka ajiye inda talaka ba ya shiga. Jami'a da kuɗin jama'a a ke riƙe ta. Wanda ya zo ya ƙirga itatuwanmu, ya dawo dandalin nan ya gaya mana abin da ya samu da bakin da mu ke ji. Ku kuma in ɗalibi ya zo muku da takarda da ma'auni, kada ku ɗauke shi mai leƙen haraji. Ku gaya masa gaskiya, ku nuna masa abin da kuka sani, domin mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Gawon da mahaifina ya tumɓuke, da an bar shi, da yau jikokinsa na shan inuwarsa. Wannan ya wuce. Amma kututturen da ke gonarku yana nan da rai, yana jiran abin da za ku yi da shi in sassabe ya zo.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa kasuwa ta yi kyau.